Hanyar zama ƙwararren likitan ICU: amsa ga wani ƙaramin likita ɗan Daura

Wani ƙaramin likita ɗan Daura, wanda ya yi shekararsa ta hausmanshif, wato aikin koyo na bayan kammala karatu, a Katsina, yanzu kuma yake hidimar ƙasa, ya rubuto cewa ransa ya kwanta da aikin ICU, ɗakin da ake kwantar da waɗanda ke rai kwakwai mutu kwakwai. Yana son ya san ta wace ƙofa ake shiga, shekara nawa ake yi, da kuma abin da masu wannan horo ke gamuwa da shi a zahiri.

Ƙanena Dakta, sannu da aiki, Allah ya sa a gama hidimar ƙasa lafiya.

Ƙofar da aka fi bi a ƙasar nan ita ce anastiziya, sashen likitocin da ke sa barci a ɗakin tiyata. A mafi yawan asibitocin koyarwa na Najeriya su ke riƙe da makullin ICU. Abin yana da asali. A 1952 annobar shan inna ta auka wa birnin Kofanhegan na Denmak, yara suna ta mutuwa saboda naman da ke jan numfashi ya shanye. Wani likitan sa barci, Biyon Ibsen, ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a sa bututu a riƙa hura iska da jakar roba. Injin da zai wadatar babu, sai aka kwaso ɗaliban likitanci suna matsa jaka da hannu dare da rana, wannan ya tashi wannan ya karɓa, har tsawon makonni. Mace-macen suka ragu ƙwarai. A 1953 Ibsen ya buɗe ɗaki na musamman don irin waɗannan marasa lafiya. Ka riƙe labarin nan, domin duk daren da wuta ta ɗauke, janareto ya yi gardama, batirin bentileta, injin da ke yi wa mara lafiya numfashi, ya fara kuka, kai ma 1952 za ka koma, jakar Ambu ta hura iska a hannunka.

Ana iya zuwa ta wasu ƙofofin. Likitan ciki da ya ƙware a huhu, ƙoda ko zuciya yakan ƙara horon ICU daga baya, haka ma likitan yara. Sai dai hanyarsu ta fi tsawo, kuma sukan iso hannunsu bai faɗa da hanyar numfashi ba. Shi kuma ɗan anastiziya yakan iso da hannu mai kyau amma da ƙarancin haƙurin bin diddigin cuta. Kowa da gurbin da zai cike.

Matakan ba su da ruɗani. Da lasisin MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, sai ka ci jarrabawar farko da ake ce wa firamari, ko ta Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, don a ƙarƙashinta anastiziya take. Ana zama sau biyu a shekara. Abin da ake tambaya shi ne yadda jiki ke aiki, yadda magani ke aiki a jiki, da fiziks ɗin na'urori. Bayan nan ka nemi gurbin residensi, wato horon ƙwarewa a asibiti. Mafi kusa da kai su ne Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wanda mutane har gobe ke kira FMC, da na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Duk wanda ka nufa, ka tambayi ko kwaleji ta amince da sashen anastiziya ɗin kansa, kuma amincewar cikakkiya ce ko ta ɓangare. In ta ɓangare ce, za a tura ka wani asibitin ka cike wasu watanni, wanda ke nufin haya biyu da rabuwa da iyali. In babu ita sam, shekarun da ka yi a can ba za su shiga lissafi ba. Matakin ƙaramin rejistara, wato likita mai horon ƙwarewa, shekara biyu zuwa uku ne, ya ƙare da jarrabawar kashi na ɗaya. Na babban rejistara ma kusan haka, ya ƙare da kashi na biyu tare da kundin bincike. In komai ya tafi daidai, shekara biyar zuwa shida. Da yajin aiki, da faɗuwa jarrabawa sau ɗaya, da jiran kuɗin horo, bakwai ba abin mamaki ba ce. Manhajar kan sauya, don haka ka sauke ta bana daga shafin kwalejin ka karanta da kanka, kada ka dogara da abin da wani ya yi shekara goma baya.

Yanzu ga ainihin aikin.

Shekarar farko kusan duk a tiyata za ka yi ta, kuma sababbi da yawa sukan ji kamar an karkatar da su daga abin da suka zo nema. A can ne hannu ke faɗawa. Sa bututun numfashi ga wanda ya yi azumin awa shida, aka shimfiɗa shi a tebur mai haske, wasa ne in aka gwada da sa shi ga matar da aka kawo daga ƙauye tana jijjiga, cikinta cike da kunu, harshe ya kumbura don cizo, oksijin ɗinta 80 cikin ɗari. Na farko yana iya ba ka mintuna kafin iskarsa ta faɗi. Ta biyu daƙiƙoƙi kawai za ta ba ka. Shi ya sa manya ke matsa wa a kan shiri har ka ji sun dame ka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Injin zuƙe majina a kunne, bakinsa a ƙarƙashin matashi ta hannun damanka. Laringoskof, abin leƙa maƙogwaro mai fitila, guda biyu, ka kunna kowanne ka ga hasken da idonka, don batiri kan mutu a aljihun tebur ba wanda ya sani. Bututu mai lamba 7 ga mace, 7.5 ko 8 ga namiji, da ƙarami ɗaya a gefe, an gwada balan-balan ɗinsa. Kanula mai gudu, ledar ruwa a rataye, maganin ɗaga BP, wato matsin jini, a zuƙe cikin sirinji da suna a jiki. Oksijin na minti uku, kan gadon a ɗage.

Maganin barci ma a nan ake tuntuɓe. Furofofol a adadin da aka saba a tiyata yana iya kashe wanda BP ɗinsa ya riga ya faɗi. Ketamin ya fi aminci, miligiram 1 zuwa 2 kan kowane kilo, a kuma rage shi zuwa rabi in jiki ya yi sanyi ƙalau. Sakzametoniyam yana sakin nama da sauri, amma yana ɗaga fotashiyam a jini, saboda haka ba a ba wanda ya ƙone kwanaki biyu da suka wuce, ko wanda ya daɗe a kwance ba motsi, ko mai ciwon ƙodar da fotashiyam ɗinsa ya riga ya hau. Kuma maganin firij ne. Wanda ya daɗe a kan tire cikin zafin Afrilu na Katsina, lokacin da ake haura digiri 40, kada ka yi mamaki in ka ba shi muƙamuƙi ya ƙi saki. Bututu in ya shiga, santimita 21 a haƙora ga mace, 23 ga namiji, abin da ke tabbatar da cewa yana hanyar iska shi ne kafnogiraf, na'urar da ke zana iskar da huhu ke fitarwa. Tururi a jikin bututu da motsin ƙirji duk suna yaudara. In ka gwada sau biyu bai shiga ba, koma kan marfin fuska da jaka ka kira na gaba da kai. Abin da ke kashe mutum rashin iska ne, kuma kowane gwaji yana ƙara kumbura wurin.

Bentileta ita ce abin da kowa ke ɗoki, amma saita ta lissafi ne na ɗan firamare in ka san tushensa. Girman huhu yana bin tsawon mutum, ƙiba ba ta ƙara shi. Don haka tef ɗin tela ya fi sikeli amfani a bakin gado. Ga namiji, ka cire 152.4 daga tsawonsa a santimita, ka ninka da 0.91, ka ƙara 50. Ga mace ka ƙara 45.5. Abin da ya fito shi ne nauyin da za ka yi lissafi da shi, mililita 6 na iska kan kowane kilo. Namiji mai santimita 170 ya ba ka kilo 66, sau mililita 6, kusan 400 ke nan a kowane numfashi. Mace mai 160 ta ba ka kilo 52, wato wajen 315. In ka tarar an bar injin a kan 500 ga kowa, kamar yadda ya zo daga kamfani, to wannan matar ana buɗa huhunta fiye da kima sau dubbai a yini. Binciken da aka buga a Amurka a 2000 ne ya nuna cewa, ga masu tsananin ciwon huhu, rage iskar daga mililita 12 zuwa 6 kan kilo ya sauko da mace-mace daga kusan 40 cikin ɗari zuwa 31. Matsin da ke cikin huhu a ƙarshen shaƙa kada ya wuce 30, ƙaramin matsin da ake bari a ƙarshen fitarwa a fara da 5, kan gado a ɗage digiri 30 zuwa 45 don kada abin ciki ya gangaro cikin huhu.

Ga abin da ke raba wanda ya koya da wanda ya haddace. Ƙarfe uku na dare, injin ya ɗauki ƙara, lambar oksijin tana gangarowa, 92, 88, 84. Sabon shiga yakan tsaya gaban allo yana danne-danne, wani ma ya kashe ƙarar. Ruwa ba ya tsami banza. Cire mara lafiyan daga injin, haɗa Ambu da oksijin, matsa da hannunka. In jakar tana tafiya sumul, ƙirji yana tashi, lamba ta dawo, laifin na injin ne ko na iskar da ke shigarsa. In jakar ta yi tauri kamar dutse, ka zura robar zuƙe majina: ta ƙi wucewa, bututun ya toshe ko an cije shi. A lokacin hunturu wannan ya fi yawa, don busasshiyar iska kan daskarar da majina ta zama kamar ƙanzo in ba a sa matatar da ke riƙe danshi ba. In ta wuce amma gefe ɗaya na ƙirji shiru, duba lambar da ke haƙora, wataƙila bututun ya zurma cikin huhun dama lokacin da aka juya shi. In lamba tana nan, gefe ɗaya shiru, BP yana faɗuwa, jijiyoyin wuya sun cika, huhu ne ya fashe iska ta taru, allura za ka soka a ƙirji nan take, ba a jiran hoto. In jakar ba nauyi ko kaɗan kuma ana jin gurnani a baki, bututun ya fito. Duk wannan cikin minti ɗaya ake yin sa, kuma sai an maimaita shi da baki a raun, wato zagayen duba marasa lafiya, sau da yawa kafin ya zauna a hannu.

Wani ɗan abu a kan na'urar da ake maƙalawa a yatsa. Takan nuna lamba sama da gaskiya ga masu duhun fata, an tabbatar da haka a bincike. Yatsa mai sanyi da baƙin lalle ma suna rikita ta. In amarya ce ko mai jego da ta sha ƙunshi, gwada kunne, ko ka juya na'urar ta kama yatsan ta gefe.

Sai oksijin, wanda littattafan Turai ba su ɓata shafi a kansa don a bango yake fito musu. Nan dole ka iya lissafinsa kamar kuɗin aljihunka. Abin da ke cikin tukunya shi ne girman cikinta a lita sau abin da agogonta ke nunawa a bar, wato ma'aunin matsin iska. Babbar tukunya mai lita 47 da aka cika zuwa bar 150 tana da wajen lita 7,000. A lita 15 cikin minti, ba za ta kai awa takwas ba. Wanda aka ɗaura wa ita da la'asar, kafin ƙarfe ɗaya na dare ta ƙare, lokacin da mai makullin sito ya tafi gida. Ƙaramar da ake ɗorawa a motar asibiti wajen lita 680 take ɗauka. Ka ɗauko mara lafiya daga Daura zuwa Katsina, tafiyar kilomita 80 ko kusa, ka ce awa ɗaya da rabi, a lita 10 cikin minti. Kana buƙatar lita 900, ƙa'ida kuma ka ninka biyu saboda faci da shingen hanya, 1,800 ke nan. Da ƙaramar tukunya ɗaya, a minti na 68 za ta yi tsit, kun wuce Mashi, ba ku ga Katsina ba. In Kano za a wuce da shi, sai ka sake lissafi daga farko. Injin lantarki mai tace oksijin daga iska yana ba da lita 5 ko 10 a minti, yana da amfani sosai ga mai numfashi da kansa, amma matsinsa bai kai wanda yawancin bentiletoci ke nema ba, wajen bar 4, kuma yana mutuwa tare da wuta. Rejistara nagari yakan fara kwanan aiki da zagaya tukwane yana karanta agogo kafin ya buɗe fayil ko ɗaya.

Batun ƙarin ruwa shi ne inda nake ganin ya fi kamata ka karanta littafi da ido biyu. Ƙa'idar duniya ga wanda ƙwayar cuta ta shiga jininsa BP ya faɗi ta ce a ba da maganin kashe ƙwayoyin cikin awa ɗaya, ruwa mililita 30 kan kilo cikin awa uku, a riƙe matsakaicin BP a 65 ko sama. Matsakaicin nan, ka ninka lambar ƙasa biyu, ka haɗa da ta sama, ka raba uku: 90 bisa 50 ya ba ka 63, bai kai ba. Amma an gina ƙa'idar ne a inda in ruwa ya cika huhu akwai bentileta tana jira. A 2011 an buga wani babban bincike kan yara fiye da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani a Yuganda, Kenya da Tanzaniya, aka ga waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa. A 2017 an ga makamancin haka ga manya a Lusaka ta Zambiya. Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: ciwon zuciyar masu jego ya yi yawa a ƙasar Hausa, tun shekarun 1970 likitocin Zariya ke rubutu a kansa. Mai jego ta zo tana haki, ƙafa a kumbure, BP a ƙasa, wani ya ga lamba ya rataya leda biyu ya buɗe. Nutsar da ita ya yi. Ba da mililita 250, ka tsaya ka saurari ƙirji, ka ƙirga numfashi, ka duba fitsari, wanda ake so ya kai rabin mililita kan kilo a awa. In sashenku yana da na'urar sikanin, koyi ɗora ta a kan zuciya da huhu tun shekarar farko. Minti biyu da ita sun fi dogon musu a raun.

In ruwa bai ɗaga BP ba, noradirenalin ne na farko. Miligiram 4 cikin mililita 50 ya ba ka maikurogiram 80 a kowace mililita. Mai kilo 60 a kan maikurogiram 0.1 kan kilo a minti yana buƙatar 6 a minti, 360 a awa, wato mililita 4.5 a awa a kan famfon sirinji. Ka iya wannan ba tare da waya ba. Kurakuran sanannu ne: wani ya tura wani maganin ta layin, ya kora abin da ke cikin robar gaba ɗaya, BP ya yi tsalle. Ko sirinji ya ƙare ba a haɗa na gaba ba, cikin minti biyu BP ya rushe, don maganin ba ya daɗewa a jini. Ana iya fara shi ta babbar jijiyar hannu kafin a sa layin wuya, muddin ana duba wurin kowace awa, don in ya zube ƙarƙashin fata yana kashe nama. Fotashiyam kuwa ba a taɓa tura shi da sirinji kai tsaye, kuma ta jijiyar hannu kada ya wuce milimol 10 a awa.

Cututtukan da za su cika maka gadaje ba su ne na babin farko a littafin Ingila ba. Jijjigar masu ciki tana gaba: magniziyam giram 4 ta jijiya a hankali, giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan 5 duk awa huɗu, amma kafin kowace allura a buga gwiwa, a ƙirga numfashi, a auna fitsari. Ƙoda ce ke fitar da shi, in fitsari ya tsaya ka ci gaba da bayarwa, numfashi zai tsaya. Makarinsa, kalsiyam gulukonet giram 1, ya zauna a bakin gadon. Sai waɗanda suka sha fiya-fiya, maganin ƙwari: a cire kaya a wanke jiki da safar hannu, atirofin miligiram 1 zuwa 3, a riƙa ninkawa duk minti biyar har ƙirji ya bushe. Sabon likita yakan tsorata ya tsaya a kwalba ta biyar, alhali wani sai ya sha gommai. Tetanos mai sarƙe haƙora yana cin makonni a gado, yana son ɗaki shiru da huda maƙogwaro da wuri, kuma wanda ya warke sai an yi masa rigakafi, don ciwon ba ya barin kariya. Saran kububuwa, jini a busasshiyar kwalbar gilashi minti 20 a ga ko ya daskare. Maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa, sikarin da ya hau har jini ya yi tsami, raunin kai daga haɗarin babur, harbin bindiga daga ƙauyukan da ke fama da 'yan ta'adda, sanƙarau in zafi ya shigo, mashaƙo irin wanda ya ɓarke a 2023. Abin daɗin shi ne yawancinsu matasa ne kuma ciwon mai juyawa ne. In ka riƙe musu numfashi da jini na kwanaki, da ƙafarsu za su fita.

Wanda zai riƙe su ɗin kuwa nas ce. Mai bentileta nas guda yake buƙata shi kaɗai. Juya shi duk awa biyu, wanke baki, zuƙe majina, auna matsin balan-balan ɗin bututu ya zauna tsakanin 20 da 30, ciyarwa ta robar hanci, rubuta fitsarin kowace awa, a nan ake tsira ko a rasa mutum. Gado shida da nas biyu da dare sunansa ICU ne kawai. Sista da ta shekara goma sha biyar a ɗakin in ta ce maka, "Dakta, wannan bai yi mini ba," tashi ka je, ko da allon yana nuna komai lafiya. Kuma ka wanke hannu tsakanin gado da gado ko da konsoltan, babban likitan sashen, bai wanke ba.

Akwai ɓangaren da ba a koyarwa a aji, kuma shi ya fi gajiyar da masu horo: magana da dangi. A wurinmu "da sauƙi" gaisuwa ce. In ɗan'uwan mara lafiya ya tare ka a baranda ya ce, "Likita, ya mai jiki?" ka ce "da sauƙi" don ladabi, shi rahoto ya ji, zai buga waya gida ya ce an samu sauƙi. Gobe in ta Allah ta kasance, kai ne maƙaryaci. Nemi wuri a zauna. Gano wanda ke yanke shawara a gidan, don sau da yawa ba shi ne mai biyan kuɗi ba, ba kuma shi ne mai jinya ba. Ka ce, "Baba, jikin ya yi tsanani ƙwarai. Injin nan ne ke yi masa numfashi. Muna yin iya ƙoƙarinmu, amma yana iya rasuwa." Faɗi kalmar. Mutanenmu sun san mutuwa, rufa-rufa ce ba sa yafewa. Da yawa suna tsoron oksijin, suna ganin duk wanda aka sa wa ba ya tashi, sai ka yi bayani tun kafin ka ɗaura. Maganar kuɗi ma tun ranar farko: kusan nawa a yini, kusan kwana nawa. In ka ɓoye, a rana ta huɗu za su sa hannu su ɗauke shi bayan sun sayar da gona, an yi biyu babu. In sun zo da rubutu ko zamzam, kada ka yi faɗa, kada kuma ka bari a ɗura a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa, don cikin huhu zai tafi. A shafa masa a jiki, ko a jiƙa leɓe. In lokaci ya yi, a bar wani nasa ya shigo ya laƙƙana masa kalmar shahada.

Rabon gado ma haka. Gado ɗaya ya rage, ga yarinya mai jijjiga, ga dattijo mai dajin da ya bazu, ga waya daga wani babba tana shigowa. Tambayar ita ce wa injin zai iya dawo da shi. Wannan hukuncin konsoltan ne, kada ka ɗauke shi kai kaɗai, ka kuma rubuta dalili a fayil.

Ka kula da kanka. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B guda uku, yau, bayan wata ɗaya, bayan wata shida, kafin ka fara. In allurar mara lafiya ta soke ka, maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, kuma awannin farko sun fi. Bayan kwanan aiki kada ka kama sitiyari zuwa Daura, kwanta tukuna. Wani abu da ba a son faɗa: 'yan anastiziya suna kwana da makullin magunguna masu sa maye irin su fetidin da fentanil da ketamin a aljihu, kuma an san sana'ar da haɗarin faɗawa shan su. In ka ga abokin aiki yana yawan neman kwanan da ba nasa ba, lissafin kwalabe kuma ba ya cika a hannunsa, gaya wa babba. Taimakonsa ka yi.

Kundin bincike shi ke tsayar da mutane a mataki na biyu. Sai kwamitin ɗa'a na asibiti da kwaleji sun amince da tsarin kafin ka fara tattara bayanai, wannan kaɗai kan ci watanni, don haka ka miƙa shi da zarar ka ci kashi na ɗaya. Ka zaɓi batun da za ka sami isassun marasa lafiya. Ɗaki mai gado huɗu ba zai ba ka mutum ɗari biyu masu cuta guda cikin shekara ba. Littafin rubuta ayyuka kuma a sa hannu a ranar da aka yi aikin, ba daren tafiya jarrabawa ba.

Bayan ka zama konsoltan, masu son zurfafawa sukan ƙara shekara ɗaya ko biyu a ICU zalla. Afirka ta Kudu tana da horon shekara biyu mai takardar shaida, Indiya ma ana zuwa, ƙungiyar likitocin anastiziya ta duniya, WFSA, tana ba da guraben ƙaro ilimi, akwai kuma difilomar Turai da ake kira EDIC mai kashi biyu. Ni dai na fi ganin amfanin Indiya da Afirka ta Kudu ga wanda zai dawo, don marasa lafiyarsu da aljihun danginsu sun fi kama da namu. Gajerun kwasa-kwasai irin BASIC da FCCS na kwana biyu ne, ka yi ɗaya tun kana ƙaramin rejistara.

Kafin nan, wannan shekarar ta hidimar ƙasa kada ta tafi a banza. Sayi na'urar yatsa taka ta kanka. Duk mara lafiyan da ka gani a kwance, ƙirga numfashinsa na cikakken minti da agogo, don shi ne alamar da ke fara lalacewa kuma shi aka fi rubutawa da ka. Ranar tiyata je ka gaishe da mai sa barci na asibitin, ko nas ne, ka roƙe shi ya bar ka riƙe marfin fuska da jaka har ka iya tayar da ƙirjin mutum da hannu ɗaya ba iska na zurarewa. Da dare kuma ka buɗe babin huhu da na zuciya a littafin fiziyoloji, awa ɗaya kullum, daga yau har ranar firamari.